Yadda Iskar Taya Ta Kusa Hura Wuta A Gidana

 Na san da yawanku da kun ga kan maganar nan za ku ce, to ita kuma wannan me ya haɗa ta da taya, ita da muka sani da labaran soyayya da zaman kishi? Ku dai yi haƙuri ku biyo ni a sannu. Wannan karon ba ƙirƙira na yi ba, a ɗakina abin ya faru, kuma abin da ya haddasa shi wallahi bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba.

Malam, wato maigidana, koyarwa yake yi a wata makaranta can gaba da Dawanau, mu kuwa a Kurna muke zaune. Babur ɗinsa shi ne ƙafarsa, shi ne jakinsa, da shi yake zuwa aiki, da shi yake ɗauko mana buhun masara, da shi ya kai ni asibiti daren da naƙuda ta kama ni. Irin ƙananan baburan nan ne na kowa da kowa, mai wilin waya, wanda ake sa wa tiyub a cikin taya. In an tashi daga makaranta yakan biya ya yi wa wasu yara darasin yamma, amma duk rintsi a masallacin layinmu yake sallar magariba. Haka muka saba tun da aka kawo ni.

Farkon watan Disamba na 2024, sanyi ya fara kankama, sai Malam ya fara ƙorafin tayar baya. Ba facin nan ba ne da kowa ya sani, wanda za ka ji fuuu taya ta kwanta nan take. A'a, ita wannan a hankali take sacewa kamar ɓarawon cikin gida. A ba ta iska ranar Litinin, kafin Alhamis ta yi laushi. Bayan mako biyu ta koma kwana bibbiyu, daga nan sai ta zama kullum, har ta kai in an ba ta da safe sai an ƙara mata da yamma. Ya kai ta wajen wani yaro mai faci a bakin titi, ya zaro tiyub, ya ga huda, ya liƙe, ya mayar. Kwana biyu lafiya lau, a na uku ta koma gidan jiya. Da ya sake komawa, yaron ya tsoma tiyub ɗin a ruwa sama-sama, bai ga komai ba, sai ya ce, "Malam tayarka ƙalau take, sai dai in wani ne yake sace maka iska a gida."

To jama'a, wannan 'yar maganar ita ta ɓallo mana ruwa.

Akwai ƙanina ɗan shekara goma sha biyu da yake hannuna tun bayan rasuwar Babanmu. A ɗakin soro yake kwana, kuma a soron ake ajiye babur. Yaro ne mai son ƙarfe, da ya ga ba kowa sai ya ɗare kan babur ya kama kai yana ƙarar inji da bakinsa. Sannan Malam ya taɓa ganinsa yana wasa da 'yar hular nan ta kan bawul, kuma tun daga ranar hular ta ɓata. Shi ke nan, zargi ya samu wurin zama. Malam ba mutum ne mai faɗa ba, amma ran nan muna cin tuwo ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "In yaron nan ba zai bar taɓa min babur ba, gara ya koma wajen Inna." Yaro ya yi rantsuwa har da hawaye, ya ce shi tun ranar da hular ta faɗa kwata bai ƙara taɓa tayar ba. Ni kuwa tuwon nan ya tsaya min a wuya, domin na san halin da Inna take ciki da sauran ƙannenmu huɗu, ita kaɗai da 'yar sana'ar ƙosai.

Kada ku ce Malam ne kaɗai mai laifi, ni ma ina da nawa, kuma nawa ya fi muni. Mutumin da bai taɓa wuce magariba a waje ba sai ga shi yana shigowa bayan isha'i, yau ma haka, gobe ma haka, kuma amsar ɗaya ce, taya. Wai ta sace masa a hanya, mai facin kusa ya tashi, sai da ya tura babur har wajen wani. Na faɗa wa maƙwabciyata ta kan katanga, sai ta kama haɓa ta ce, "Taya? Uhm. Ni ma nawa da taya ya fara, yau ga ta can a ɗakin kudu da 'ya'ya biyu." Tabɗijam! Ni da sana'ata ita ce tsara irin wannan labari, kafin dare na gama rubuta littafi sukutum a cikin kaina. Na raɗa wa yarinyar suna, na sa mata fara ce doguwa, har unguwarsu na zaɓa mata. In ya cire riga sai in faki idonsa in shinshina ko zan ji turaren mata, amma ba na jin komai sai fetur da gumi. Duk da haka zuciya ba ta haƙura ba. An ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, to ni kam na kwashi rabona.

Abin da ya dawo da ni hankalina ya faru ne wata Asabar, za mu suna Gwammaja. Malam ya goya ni, ni kuma na goya 'yata, goyo a kan goyo ke nan. Da safe ya ba tayar iska, don haka ba mu kawo komai a ranmu ba. Muna shan wata kwana sai na ji bayan babur ya yi wani irin lilo, kamar an ja tabarma a ƙarƙashinmu. Malam ya sa ƙafa ƙasa, takalminsa ya cire, wani mai adaidaita sahu da ke bayanmu ya take burki har fasinjojinsa suka yi salati. Allah ya kiyaye ba mu faɗi ba. Da na sauka na dubi tayar, sai na gan ta ta baje kamar ƙullin da ya sha ruwa. Ƙafafuna suna rawa na ce a raina, ashe tayar gaskiya ce. Daga baya ne na fahimci dalili. Taya in ba ta da isasshiyar iska gefenta ba ya iya ɗaukar nauyi, a miƙaƙƙiyar hanya ba lallai ka ji ba, amma da an karkata a kwana sai gefen ya lanƙwashe, babur ya zame. Mota ƙafarta huɗu, in ɗaya ta gaza uku za su riƙe. Babur kuwa duk inda yake taɓa ƙasa bai wuce tafin hannu biyu ba.

A daren nan na kasa barci, sai tunanin Babanmu ya zo min, Allah ya jiƙansa. Gyaran keke ya yi har ya bar duniya, a gindin wata darbejiya, daga Raleigh har Phoenix babu wanda bai san cikinsa ba. Ina 'yar firamare ni nake kai masa abincin rana, kuma ba na tafiya sai na riƙe masa daro ya tsoma tiyub, don ina son in riga shi ganin kumfa. Yakan ce iska ba aljani ba ce, duk inda ta fita akwai ƙofa, ragwancin mai nema ne kawai yake ɓoye ta. Na ce wa Malam, "Don Allah kafin a mayar da yaron nan ka ba ni kwana uku da tayar." Ya yi dariya ya ce, "Marubuciya za ta koma faci?" Na ce ai gado ne.

Abu na farko da na roƙe shi shi ne ya sayo geji nasa na kansa, ɗan ƙarami mai kamar biro, ana samu wajen masu kayan babur. Domin matsa taya da yatsa ko harbinta da ƙafa ba awo ba ne, tayar babur tana da tauri, tana iya rasa kashi ɗaya cikin uku na iskarta ka matsa ka ji ta daram. Galibin ƙananan baburanmu irin su Boxer tayar gaba geji 25 take so, ta baya 28, in da goyo a kai ta 32, amma kowa ya duba littafin babur ɗinsa ko 'yar takardar da ake liƙawa kusa da sarƙa. Lambar da ke rubuce a jikin tayar kanta kuwa ba ita ake bi ba, ita iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce. Sannan da safe ake awo kafin a hau, domin tafiya tana ɗumama iska ta kumbura, geji ya nuna fiye da gaskiya. Sanyi ma yana da nasa, duk saukar digiri 5 ko 6 geji yana sauka da kusan ɗaya. A hunturun Kano, da asuba kan yi ƙasa da digiri 15 rana kuma ta kusa 30, ba abin mamaki ba ne a ga bambancin biyu ko uku tsakanin safe da azahar. Kuma ko lafiyayyar taya tana rage ɗaya zuwa uku a wata, domin iska tana ratsa roba kaɗan-kaɗan. Duk wannan ba ciwo ba ne. Tamu kuwa mun bar ta a 28 da daddare, na sa Malam da hannunsa ya shigo da babur tsakar gida, ƙofar ɗakinmu, ƙanina yana can soro an rufe ƙofar tsakiya. Da asuba geji ya nuna 19.

Malam ya daɗe yana kallon gejin nan. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Da hantsi na ɗebo ruwa a kofi na kaɗa omo ya yi kumfa, muka ɗora babur a kan ƙafarsa ta tsakiya yadda tayar baya za ta tashi sama ta riƙa juyawa. Na ce da bawul za mu fara, domin haka Baba yake yi, shi da yawu ma yake gwadawa, ya lakato a yatsa ya shafa a bakin. A cikin bawul akwai wata 'yar allura mai sifirin, ita ce mai tsaron ƙofa, in an danna ta iska ta shiga ko ta fita, in an saki ta rufe. Ɗaure ta ake yi kamar noti, don haka tana iya kwancewa, kuma ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale mata ba za ta rufu daidai ba. Na ɗiga ruwan omo a bakin, muka zuba ido. Can sai ga wani ƙwai na kumfa yana tasowa a hankali, ya girma, ya fashe, wani ya biyo. Na yi guɗa ƙasa-ƙasa. Ashe ɓatan hular nan ba ƙaramin abu ba ne, ƙurar hunturu ta samu hanya ta cika bakin bawul. Mun samu aron hular ƙarfe mai tsaga a kai, wadda ake juya ta a ɗaure allurar da ita, aka kwance, aka busa, aka mayar aka ɗaure daidai ba da ƙarfin tsiya ba. Kumfa ta tsaya.

Ni da son bin diddigi, daga baya na bincika na ga ashe wannan 'yar aba tsohuwa ce tukuf. Wani Bajamushe mazaunin Amurka mai suna August Schrader shi da ɗansa suka yi mata rajista a 1893, kuma har yau irinta ce a tayar mota da ta babur. Ita tayar iskar kanta wani likitan dabbobi ne, John Boyd Dunlop, ya yi wa keken ɗansa a birnin Belfast, ya yi mata rajista a 1888. Wato dai uba ne ya ga ɗansa yana shan jijjiga ya nema masa sauƙi. Wannan ya burge ni, har na ce wata rana sai na sa shi a littafi.

To mu koma tsakar gidana, domin murnata ba ta yi nisa ba. Da na ci gaba da shafa ruwan omo da soso, sai na ga wata kumfar tana fitowa ta gindin bawul, daidai ramin da ya ɓullo ta jikin rim, da kuma kan wayoyin wili guda biyu. Malam ya ce to ai ga wurin nan. Na ce a'a, nan ne mutane suke ruɗewa. Taya mai tiyub in tiyub ɗin ya huje, iskar ba ta fita ta inda hudar take, zagayawa take yi tsakanin tiyub da taya har ta samu kafa, kuma kafar da ta fi kusa ita ce ramin bawul da ramukan waya. Don haka kumfar nan cewa kawai take yi akwai huda a ciki, ba ta faɗi inda take ba. Washegari geji ya nuna 23. An rage, amma ba a gama ba. Ɓarayin ashe biyu ne.

Daga nan aikin ya fi ƙarfina, domin cire tayar baya sai da sifana da liba da ƙarfin hannu. Sai na tuna da wani dattijo abokin Babanmu, tare suka yi zaman gindin bishiya, shi daga baya ya koma facin babura da motoci. Na sa hijabina muka tafi ni da Malam da ƙanina, na ce ko ba komai na gaishe shi. Da ya gan ni sai da ya yi ƙwalla, ya ce, "'Yata, ke ce kika girma haka?" Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai, ban da zancen fara doguwa.

Yadda Baba ya yi aikin nan shi ne dalilin da ya sa na ɗauki biro. Kafin ya taɓa komai sai da ya karɓi alli a aljihun Malam, ya yi alama a jikin taya daidai inda bawul yake. Ya ce in ba ka yi haka ba, ka ga huda a tiyub ba za ka san wane wuri ne a jikin taya ya yi ta ba. Sannan ya nuna mana bawul ɗin, ya ce mu duba, ya karkace, ba a tsaye yake ba. Ya ce alamar an daɗe ana hawa ba iska ke nan, taya tana zamewa a kan rim duk lokacin da aka ja ko aka take burki, tana jan tiyub, shi kuma bawul yana maƙale a raminsa. Ya dubi Malam ya ce, "Da ka ƙara mako biyu a haka, gindin bawul ɗin zai tsage gaba ɗaya, shi kuwa ba ya sallama, lokaci ɗaya iskar za ta fice kana tsakiyar manyan motocin Dawanau." Na ji tsigar jikina ta tashi.

Ya zaro tiyub ya ba shi iska sosai har ya yi ƙiba, ba irin 'yar iskar da ake busawa don sauri ba. Ya ce ƙaramar huda a rufe take in roba ba ta miƙe ba. Ya riƙa tsoma shi a daro taƙi-taƙi, kowane wuri sai ya shafe ƙwayayen iskar da suka manne a jiki da hannu, ya ja robar, ya jira. Ƙanina ne ya riƙe daron, kamar yadda nake riƙe wa Babanmu. Kuma shi ne ya fara gani, ya ce, "Baba ga ta!" Wani siririn layi na kumfa kamar zare, yana fitowa daga gefen sabon facin da yaron nan ya yi.

Baba ya ce huda tana da baki, in ka san yarenta za ta gaya maka wanda ya yi ta. In tana bayan tiyub, ɓangaren da ke kallon titi, to daga waje abin ya shigo, ƙusa ce ko ƙaya ko kwalba. In tana ciki, ɓangaren da ke kwance a kan rim, to laifin gida ne, ko kan waya ya ɓullo, ko robar da ake naɗawa a rufe kawunan wayoyin ta tsage, ko tsatsa ta ci ƙarfen tana gurzar tiyub. In kuwa huda biyu ce a jere a gefe kamar saran maciji, to an matse shi ne, ko da liba wajen mayarwa, ko an faɗa rami da taya mara iska rim ya datse shi. Tamu a baya take. Ya ɗora tiyub a kan taya, bawul daidai alamar alli, ya ga inda hudar ta faɗo. Ya shafa cikin tayar da yatsa bai ji komai ba. Sai ya ciro 'yar auduga a aljihu ya goga a wurin, a hankali, gaba da baya. Sai ga zaren auduga ya maƙale a wani abu da ido ba ya gani. Ya lanƙwasa tayar ta buɗe, ya sa filaya ya zaro.

'Yan uwa, wata 'yar waya ce siririya kamar gashi, irin wadda ke cikin tayoyin manyan motoci. In tayar tirela ta fashe a hanya, ko aka ƙona tsohuwar taya, wayoyin nan suna warwatsuwa a titi, su gutsuttsure. Ita wannan ta nutse cikin roba, kanta kaɗai ya leƙo, sai an hau babur nauyi ya danne sannan take caka. Yaron farko ya liƙe huda ya bar mai hudar a ciki, ya mayar da tiyub ya ɗan gusa kaɗan, ita kuma ta sake sabuwa a gefen facin. Baba ya ɗora ta a tafin hannun Malam ya ce, "Ga mai sace maka iska."

Ban ga laifin yaron can sosai ba, layi ne a gabansa kuma kuɗin faci ɗaya ake ba shi ko ya yi minti biyar ko ya yi awa. Amma maganar da ya yaɓa ta cewa wani ne a gida, wannan kam har yau ban yafe ba. In ba ka gano ba ka ce ban gano ba mana.

Baba bai yarda ya sake liƙe tiyub ɗin ba. Ya ƙirga faci huɗu a jiki, ga sabuwar huda a bakin wani facin, ga gindin bawul ya sha wuya. Ya ce faci a kan faci ba ya riƙewa, kuma gindin bawul ba a yi masa faci sam. Amma saboda ƙanina ya nace da tambaya, sai ya koya masa a kan tsohon. A busar da wurin, a goge da samfefa ya yi kaushi faɗin da ya fi facin, a shafa sulushan siriri, sannan a jira ya sha iska har ya daina kama yatsa. Ya ce nan ne masu gaggawa suke faɗuwa, suna manna faci a kan ɗanyen sulushan, ya yi kwana biyu ya ɗago. In an manna a danne daga tsakiya zuwa baki. Muka sayi sabon tiyub daidai lambar tayar, ya canza robar cikin rim domin ita ma ta fara tsagewa, ya kankare tsatsa, ya barbaɗa wa tiyub hoda don kada ya manne ko ya naɗe, ya ba shi 'yar iska kaɗan ya yi siffa kafin ya tura shi, don kada liba ta cije shi. Da na yi lissafi a hanya, naira 100 safe naira 100 yamma da Malam ya yi ta bayarwa, kuɗin sun sayi tiyub ɗin nan har da canji. Ban da man da taya mai laushi take ƙara sha, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuwa kowa ya san lita ba abin wasa ba ce.

Masu baburan da wilinsu na ƙarfen zubi ne, wanda tayarsa ba ta da tiyub, ku naku da sauƙi. Ruwan omo yana nuna muku wurin kai tsaye, a shafa a bawul, a shafa a kan tayar duka, a bi bakin rim gefe da gefe, domin in rim ya lotsa a rami ko datti ya shiga tsakani, ta nan take zurara. Irin wannan taya ƙusa tana iya kwana da kwanaki a jikinta tana rage iska kaɗan-kaɗan, to kada a zare ƙusar sai an isa wajen mai faci. Hudar da ke tsakiya inda taya ke taka ƙasa ana toshe ta, amma ta gefe ba ta da magani sai sabuwar taya, duk wanda ya ce zai liƙe maka ita da ranka yake wasa. Kuma in za a sayi taya a duba shekarunta. Akan buga lambobi huɗu a gefe a cikin ɗan zagaye, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, misali 2319 yana nufin mako na 23 a 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, ta bushe ta yi tsaga-tsaga kamar faso.

Mun dawo gida geji na 28. Washegari 28. Bayan mako guda ma bai motsa ba. Malam ya kira ƙanina har ɗaki, gabana, ya ce, "Ka yafe ni, na zalunce ka." Yaro ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsu. Ya miƙa masa gejin da hulunan bawul guda biyu sababbi, ya ce daga yau duk safiyar Asabar aikinsa ne ya auna tayoyin ya rubuta a bayan littafinsa. Har yau bai taɓa fashi ba, kuma in ya ga an rage ɗaya sai ya zo ya tsaya a kan Malam kamar mai bin bashi. Zancen komawa wajen Inna kuwa ba a ƙara tayar da shi ba. 'Yar wayar tana nan na manne ta da salatif a bangon littafin da nake rubutu.

Ni kuma nawa laifin ban taɓa faɗa masa ba, a shafin nan zai gani kamar kowa. Malam, ka yi haƙuri, fara ce doguwa kuma a Fagge na ajiye maka ita.

Ranar Larabar da ta wuce sai ga shi an yi isha'i bai shigo ba. Maƙwabciyata har ta fara gyaran murya ta kan katanga. Da ya yi sallama na karɓi jakarsa na ce, "Malam yau kuma fa? Tayar dai na san ƙalau take." Ya ce, "Fulogi ne." Ban ce uffan ba, na ɗauko buta na ce ya miƙo hannu in zuba masa. Na haska da tocila, yatsun nan goma baƙi ƙirin da baƙin mai har cikin farce. Na koma ɗaki na ƙaro masa omo.